Gamjin Ƙofar Gidan Malam Sada

Akwai wani hali da mutane ba su cika sa shi cikin laifuffuka ba, shi ne kwaɗayin yabo. Mai wannan hali ba ya sata, ba ya zagin kowa, sau da yawa ma shi ne mutumin kirkin unguwa. Amma da zarar an ce mashi babu kamarsa, sai ya kwance abin da aka ba shi ajiya ya miƙa da hannu biyu. Wannan hali shi ya ci Malam Sada na Ƙofar Kaura, a shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. Ku saurara ku ji yadda aka yi.

Malam Sada tsohon masinja ne. Tun zamanin En'e yake tsaye a bakin ƙofar ofis, a aike shi ya je, a kira shi ya zo, har gashin kansa ya yi fari aka sallame shi. Bai tara dukiya ba. Abin da yake da shi gidan gado ne na ƙasa, da matarsa Kulu wadda suka tsufa tare, da wani ƙaton gamji a ƙofar gida wanda kakansa ma a nan ya tarar da shi.

Wanda bai san gamji ba sai ya ce ai itace ne kawai. Wannan gamji kuwa rabin unguwar na ci a jikinsa. Inuwarsa ta rufe ƙofar gida har ta tsallaka titi. Nan dattawa ke shimfiɗa tabarmi bayan la'asar, nan Delu mai waina ke tsinko faffaɗan ganye tana naɗe wa masu saye, nan kuma Lado mai facin taya ya kafa famfonsa da bahon ruwansa. In 'ya'yan suka nuna, tsuntsu ya ci, mutum ya ci, awakin gida su tsince na ƙasa. In an ɗan tsaga jikinsa sai wani farin ruwa kamar nono ya tsattsafo, a tara a dafa ya zama danƙo. Tsofaffi sun ce a zamanin Turawa har a kanti ake saye, a ɗora a sikeli, wai roba ake yi da shi a ƙasashensu. Yanzu babu mai saye, sai dai Kulu ta liƙe ƙwaryar da ta tsage ko bokitin da ke yoyo.

Babban amfaninsa kuwa sassaƙen ɓawo ne, kuma wannan aikin Kulu ne ita kaɗai. Uwar mijinta ce ta koya mata tun tana amarya. Mai tari ko mai murɗar ciki ya yi sallama, ta jiƙa mashi da 'yar kanwa, ya sha, in Allah ya sa a dace a dace. Ba ta karɓar ko sisi. Amma tana da doka, kuma ba ta taɓa karya ta ba. Ba a ɗibar ɓawo sai faɗin tafin hannu. Inda aka ɗiba a shafe shi da laka da kashin shanu, a bar shi sai damina ta wuce a kansa. Abin da ya fi komai, kada sara ya zagaye itacen ya haɗu da ɗan'uwansa.

"Abincinsa ta ɓawon nan yake bi," in ji ta. "Ranar da kuka yi mashi zobe, kun shaƙe shi ke nan, ko da ganyensa na nan kore shar."

Malam Sada ya ji wannan magana har ya haddace. In baƙo ya tambaya, shi ke maimaita ta da ƙarfi kamar shi ya ƙago ta.

To, da aka buga gangar siyasa, sai wani saurayin unguwar mai suna Mannir ya fito neman kansila. Yaron kirki ne, malamin firamare, a gaban Malam Sada aka haife shi. Ya yi ta yawo lungu-lungu yana magana har muryarsa ta dushe, tari ya kama shi. Ana saura kaɗan zaɓe ya shigo zaure yana magana kamar ana goga tukunya.

"Baba, a taimaka a roƙar mani Inna. In na buɗe baki yara dariya suke yi."

Kulu ta jiƙa mashi sassaƙe, ta haɗa mashi da zuma, ta ce ya rage surutu. Murya ta buɗe. Aka yi zaɓe, Mannir ya ci.

Ba a san bakin da ya fara ba. Wasu sun ce 'yan kabu-kabun da ke hutawa a inuwar ne. Kafin mako ya zagayo, magana ta game gari cewa ba tari aka yi wa Mannir magani ba, farin jini aka ba shi, kuma sirrin yana jikin gamjin ƙofar gidan Malam Sada. Mannir da kansa ya zo majalisar gindin gamjin ya rantse cewa maganin tari ya sha. Aka yi dariya, aka ce dama wa zai faɗi sirrinsa.

Ga shi kuwa zaɓuɓɓuka na nan jere a gaba, wannan na bin wannan. Sai mutane suka fara sallama. Kulu kan leƙo ta bakin zaure ta ce, "Tari kake yi?" In ya ce a'a, ta ce, "To Allah ya ƙara lafiya, a gai da gida." Malam Sada na zaune a tabarma yana jin abin har cikin ransa. Manyan mutane masu manyan riguna, irin waɗanda da can shi ke buɗe masu ƙofa, yau su ne a ƙofarsa, ana kuma mai da su hannu wofi.

Bayan ƙaramar Sallah sai aka aiko daga Batagarawa cewa autarsu Rahinatu ta haihu, tagwaye. Uwar mijinta ta rasu, babu mai yi mata wankan jego. Dole Kulu ta tafi, kuma ba dawowa sai an yi arba'in. Ta ɗaure kayanta, ta nuna wa ɗiyar maƙwabta da za ta riƙa kawo wa Malam abinci inda komai yake. Da ta fito, mota na jira, sai ta tsaya a gindin gamjin.

"Malam."

"Na'am."

"Ga sassaƙe nan na shanya a rumfa, ya ishi masu tari har in dawo. Gizagon na sa shi ƙarƙashin gado. Ka bar shi can."

"Haba Kulu. Ni za ki gaya wa? Tun ba a haife ki ba nake zaune gindin itacen nan."

"Na sani. Na kuma san ka. Kai in aka ce maka sannu da ƙoƙari, har hular kanka kana iya bayarwa."

Lado na gefe yana danna tayar keke cikin baho yana neman huji. Shi taubashin Malam Sada ne, uwarsa ƙanwar uban Malam ce, don haka tun suna yara babu abin da ba ya faɗa mashi. Ya ɗago kai ya ce, "Ki tafi da gizagon, Kulu. Ko ki tafi da masinjan, ki bar mana gizagon."

"Rufe mana baki, sarkin iska," in ji Malam Sada. "Mutumin da ya tsufa yana sayar da iska shi zai ba ni shawara?"

Kulu ta yi murmushi ta shiga mota.

Kwanakin farko Malam Sada ya riƙe amana. Wanda ya zo, sai ya ɗebo mashi daga na rumfa. Ba ya tambayar ko ana tari, shi ke nan laifinsa na farko, kuma a ganinsa ƙarami ne. Na rumfa ya ƙare cikin ɗan lokaci. Sai wani ɗan kasuwa daga Kambarawa ya zo, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa har ƙasa. Ya gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya sake komowa kan gida. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe Mai Gamji, an ce duk Katsina babu mai buɗaɗɗen hannu irin naka."

Tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa ce wa Malam Sada ranka ya daɗe ba. Shi ke faɗa wa wasu. Ya ji maganar ta sauka a ƙirjinsa kamar ruwan sanyi. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya durƙusa da ƙyar, ya jawo gizago. A ransa ya ce tafin hannu ɗaya ai doka ta yarda da shi.

Ya ɗiba, ya shafe da laka kamar yadda ya ga tana yi. Mutumin ya ciro kuɗi, Malam Sada ya ɗaga hannu ya ce Allah ya kiyaye, su gidansu ba a sayar da magani. Wannan ƙin karɓa kuwa sai ya ƙara wa labarin gishiri. Aka ce ai ga shi nan, na gaske ne, tunda ba kuɗi yake so ba.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Mai neman kujera ya zo, mai neman a ba ubangidansa kujera ya zo, mai neman kwangila in an kafa gwamnati ya zo, har da wani da zawarci kawai yake nema. Kowa da Mai Gamji a bakinsa. Malam Sada ya fito da farar rigarsa ta Juma'a ya mai da ta ta kullum. Kowane sara tafin hannu ɗaya ne, bai taɓa wuce haka ba, da wannan yake lallashin zuciyarsa. Ya fara daga gabas, ya bi ta kudu, ya kai yamma. Farin ruwan na zuba yana daskarewa a jikin itacen kamar hawaye, ƙudaje na bi.

"Masinja," Lado ya ce mashi wata rana da majalisa ta watse, "zo ka zagaya da ni."

Suka zagaya. Laka ce kewaye da itacen daidai ƙirjin mutum, sai ta wajen bangon gida kaɗai aka bar wani ɗan siririn ɓawo, da kaɗan ya fi tafin hannu.

"Ka ga wanga? Shi kaɗai ya rage mashi. Ni ban san magani ba, amma na san taya. In ta tsage gefe guda ina yi mata faci. In ta tsage ta zagaye, sai dai a yanka a yi gugar rijiya."

"Na gani. Ai ba makaho ba ne ni."

"Ba idonka nake ji ba, kunnenka nake ji. Ba ni gizagon in ajiye."

"In ba ka gizagon matata? Ka je ka sayar ka sha fura?" Malam Sada ya gyara hula. "An rufe. Daga yau ko wa ya zo, an rufe."

Ya kuwa rufe. Ya mai da mutane da dama, yana ba su haƙuri yana jin kamar ana zare mashi jijiya. Har ya fara ƙirga a ransa cewa in Kulu ta dawo za ta yi faɗa, amma itacen na da rai, faɗa kuma ai ya saba.

Ana nan, ana jibi zaɓen 'yan majalisar tarayya, da hantsi, sai ga motoci sun cika titin. Wani Alhaji Dabo ne, attajiri, yana neman kujera. Shekarun baya ya taɓa riƙe babban ofis a inda Malam Sada ke masinja, kuma a lokacin ko sunansa bai sani ba, kai yake ce mashi. Yau ga shi ya fito daga mota, ya tattare babbar riga, ya zauna a kan tabarmar Malam Sada, ƙasa-ƙasa da shi.

Malam Sada ya buɗe baki zai ce an rufe. Kafin ya furta, wani maroƙi da ke cikin tawagar ya ɗaga murya. Ashe an yi bincike kafin a zo. Ya kira sunan Sada, ya kira sunan ubansa, ya kira na kakansa, har da na kakan kakansa wanda Malam Sada kansa sau ɗaya ya taɓa ji daga bakin uwarsa. Ya ce gidan nan gidan bayarwa ne tun kafin a yi titi, ya ce ba a taɓa zuwa ƙofar nan a koma da kunya ba. Mata suka leƙo ta katanga. Delu ta bar waina na ƙonewa. Duk unguwar na kallon Malam Sada, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin ƙofar wasu.

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ji ƙafafunsa sun miƙe da kansu.

Lado ya tare shi a bakin zaure, ya rage murya. Wannan karon babu wasa a fuskarsa. "Sada. Ka ba shi ganye. Ka ba shi reshe. Wallahi bai san bambanci ba."

"In yaudari baƙo a ƙofar gidan ubana? Kana jin abin da ake faɗa kuwa?"

"Ina ji. Gobe a wata ƙofar za a faɗe shi."

Malam Sada ya ratse shi ya wuce. Ya fito da gizago, ya shiga tsakanin itacen da bango. Ya yi niyyar ya ɗebi rabi ya bar rabi. Amma maroƙin na bayansa yana zuba kirari, da ya sara sai ɓawon ya ɓallo gaba ɗaya ya faɗo a kan ƙafarsa. Ya tsaya yana kallonsa. Wani daga cikin yaran Alhaji ya sunkuya ya ɗauke, ya naɗe a hankici. Aka yi godiya, aka yi addu'a, motoci suka tashi.

Da la'asar ya kwaɓa laka ya shafe wurin. Ya ja baya ya duba, ya ga zoben laka ya haɗu, ko yaro ya gani ya san abin da aka yi. Sai dabara ta zo mashi. Ya aika aka roƙo mashi fastocin 'yan takara, na kowace jam'iyya, aka dama kunun rogo, ya bi jikin itacen ya liƙe tun daga gwiwa har inda hannunsa ya kai. Lado ya dube shi sau ɗaya, ya juya ya ci gaba da facinsa.

Alhaji Dabo dai bai ci zaɓe ba. Cikin waɗanda suka karɓi sassaƙen, wasu sun ci, mafi yawa sun faɗi, kamar dai waɗanda ba su karɓa ba. Sallama ta ɗauke ɗif.

Kulu ta dawo da rana tsaka, da ƙunshin daddawa da 'yar jarkar man shanu. Malam Sada ya tare ta da fara'a fiye da kima, yana tambayar tagwaye, yana tambayar Rahinatu, yana ƙoƙarin ya sa ta shige gida. Ta amsa mashi duka, amma idonta na kan itacen.

"Malam, yaushe gamjin ya shiga siyasa?"

"Yaran zamani ne. Kin san su, ko'ina liƙawa suke yi."

"Ikon Allah. Ga shi kuwa ya shiga jam'iyya uku lokaci guda." Ta ajiye kayanta. "Lado, ina wuni. Yaran nan da suka liƙa, masu furfura ne?"

"Lafiya lau, Kulu, sannu da hanya. Ni taya nake kallo, ban ga kowa ba."

Ta sa farce ta ɓanɓare fuskar wani ɗan takara. Laka ta bayyana. Ta ɓanɓare na kusa da shi, laka. Ta bi itacen a hankali tana yagewa, takardu na zuba a ƙafarta, har ta shiga ta wajen bango ta fito ta inda ta fara. Malam Sada na tsaye, ya cire hula ya riƙe a hannu, abin da bai taɓa yi a gabanta ba.

"Dubi sama, Kulu," ya ce. "Ganyensa ko ɗaya bai faɗi ba."

Ba ta dubi sama ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan lakar ta daɗe, kamar mai taɓa goshin marar lafiya.

"Kuɗi suka ba ka?"

"Ko kwabo ban karɓa ba."

"Na sani. Da kuɗi ne ma da na ce yunwa ce." Ta sauke hannu. "Mi suka ce maka?"

Ya ce a hankali, "Sun kira sunan Baba. Da na kakana."

Ta dube shi. Ita ta san shekarun da ya yi yana dawowa gida da ƙafa a kumbure, ba wanda ya ce mashi sannu sai ita. Sai ta fasa faɗan da ta ɗauko. Ta sunkuya ta ɗauki jarkarta.

"Ka rame," ta ce. "Yarinyar nan ba ta iya tuwo ba ko? Shigo ka ci abinci."

Ba ta ƙyale itacen haka ba, ko da yake ta san abin da ta sani. Ta sa aka kawo kashin shanu ɗanye daga Batagarawa, ta kankare tsohuwar lakar, ta shafa sabuwa, ta naɗe da buhunan algarara. Ta ce a riƙa jiƙa buhunan kada su bushe, a kuma zuba ruwa a gindi. Malam Sada ya ce shi zai yi, ba mai taya shi. Bazara ta shigo da zafinta, ruwa ya yi wuya a gari. Kullum da ya fito daga sallar asuba sai ya ɗauki bokiti ya nufi rijiyar masallaci, ya dawo yana haki, rigar ta jiƙe, ya zuba, ya koma. Farar rigar Juma'a ta koma cikin adaka. Lado ya bar tsokanarsa na ɗan lokaci, har wani lokacin in ya gama aiki yakan juye ruwan bahonsa a gindin ba tare da ya dubi kowa ba.

Wajen lokacin da aka rantsar da sabuwar gwamnati, ana ta kaɗe-kaɗe a gari, sai gamjin ya yi 'ya'ya irin waɗanda ba a taɓa gani ba. Rassa suka sunkuyo don nauyi. Tsuntsaye suka cika shi, ƙasa ta yi jajir, awaki suka ci har suka gaji. Malam Sada ya cika hularsa da su ya shiga gida yana sauri kamar saurayi.

"Kulu, kin gani? Kin ga abin da ruwana ya yi? Ya warke."

Ta ɗauki ɗaya ta ɓare ta sa a baki. Ta ce, "Da zaƙi." Ta ƙara ɗaukar wani ta miƙa mashi. "Zauna mu ci, Malam. Abincin da ya kasa sauka ƙasa ne ya tsaya a sama. Sallama yake yi mana."

Ya zauna a bakin tabarmarta. Suka ci tare.

Damina ta sauka, kowane itace a Katsina ya yi sabon ganye, gamji kuwa sai ya fara rawaya daga ƙoli. Malam Sada bai daina ɗebo ruwa ba, har da ranar da ake ruwan sama. Da kaka ta yi, rabin rassan sun bushe. Kafin wata bazarar, wani babban reshe ya karye da rana ya faɗo kan famfon Lado, Allah ya sa ya tafi sallah. Dattawan unguwa suka taru suka ce a yi haƙuri, kada ya kashe ɗan wani. Aka kira masu faskare.

Ranar da za a sare, Malam Sada bai fito ba. Yana ɗaki yana jin gatari. Kulu ta kawo mashi fura ta zauna kusa da shi tana tsinkar zogale, duk saran da aka yi sai ya runtse ido. Da itacen ya faɗi, ƙasa ta girgiza har kwanukan jerenta suka yi ƙara. Sai haske ya shigo tsakar gidan ta inda bai taɓa shigowa ba.

"Ki yafe mani," ya ce.

"Na yafe tun ranar. Sha furarka kada ta tsinke."

Ta yafe, amma yafewa ba ta tsai da itace. Ga abin da Malam Sada ya rasa. Ya rasa inuwar da kakansa ya bar wa ubansa, ubansa ya bar mashi, shi kuwa ba zai bar wa tagwayen Rahinatu ba. Majalisar la'asar ta tashi ta koma rumfar kwanon wani mai shago, inda shi baƙo ne, sai an matsa mashi yake samun wuri. Delu ta kwashe tandarta ta koma bakin titi. Lado, wanda suka yi shekara da shekaru suna zagin juna kullum, ya ɗauki famfonsa ya koma gindin wata dalbejiya can wajen tasha, sai ranar Juma'a suke haɗuwa. Awakin gida sai an sayo masu harawa. Ƙwarya in ta tsage sai a yar. Mai tari in ya yi sallama, Kulu ta fito ta ce mashi babu, a gaban mijinta, kuma aikin da uwarsa ta damƙa mata ya ƙare a hannunta ba ta koya wa kowa ba. Sunan Mai Gamji kuwa, wanda saboda shi aka yi duk wannan, ba a sake kiransa da shi ba ko sau ɗaya. Abin da ya rage a ƙofar gidan kututture ne, faɗinsa ya kai tabarma, rana na dukansa tun daga hantsi har magariba.